Kwaɗo a Takalmin Shugaban Kwamiti

Asabar, da hantsi

A sani, wanda ya ji kuma ya sanar da wanda bai ji ba: daga yau, ni Malam Tasi'u, tsohon hedimasta, Shugaban Kwamitin Kasafi na mazaɓar Kanyar Mati, na haramta wa kowane kwaɗo, babba ko ƙarami, ɗan gari ko baƙo, kwana a cikin takalmina. Dokar ta fara aiki nan take. Dalilin kafa ta kuwa shi ne, da safen nan na zura ƙafar dama, sai na ji wani abu mai sanyi yana numfashi a ƙarƙashin babban yatsana. Sautin da ya fito daga bakina ba zan rubuta shi ba, domin ba shi da harafi a boko, ba shi da shi a ajami.

Maiɗakina Sa'adiyya ta ce, "Malam, ai ba laifinsa ba ne. Kun cike masa gida, ina kake so ya kwana?"

Na ce mata ba a tattauna manufofin hukuma a bakin murhu.

Amma saboda masu binciken tarihi na nan gaba, bari in yi bayani. Birni ya daɗe da haɗiye Rijiyar Zaki, yanzu mu yake kallo yana lasar baki. Gonakin gero suna komawa fulotai, baƙi suna ƙaruwa, ƙaramar hukumarmu kuma tana bukatar kuɗin shiga. Sai aka dubi kududdufin da ke tsakiyar gari, inda ruwan damina yake taruwa tun zamanin kakanni kafin ya malale zuwa fadama, aka yanke shawarar a cike shi, a jera shaguna a sayar, da kuɗin kuma a gina magudana. Shaguna bana, magudana baɗi. Wato za a toshe wa ruwa hanya domin a sami abin da za a yi masa hanya da shi. A jawabina na ranar amincewa na ce ko Rumawa, da duk ƙwarewarsu a sha'anin ruwa, ba su kai ga wannan dabara ba. An yi tafi sosai.

Abu ɗaya muka manta: ba a aika wa damina kwafin kasafin ba.

Litinin, bayan La'asar

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na fita rangadi da lemata.

Ruwan ya zo wurin da ya saba sauka, ya tarar da siminti, sai ya nemi masauki mafi kusa. Masaukin kuwa shi ne gindin katangar gidanmu na gado, inda Yaya Safara'u take zaune, yayata da ta raine ni bayan rasuwar Inna. Ginin ƙasa ne. Ruwa ya kwanta masa har gwiwata, ya yi shiru, kamar baƙon da ya zo da niyyar daɗewa.

Kowa a garin nan ya san ta inda kududdufin yake amayar da rararsa zuwa fadama a da. A daidai bakin nan yanzu shagon ƙarshe na layin yake tsaye, sabo fil, da shuɗin fenti. Na wani bawan Allah ne mai mutunci, wanda ya juye garatutinsa kakaf a ciki. Ba zan ambaci sunansa a littafin nan ba, ko da yake makullin yana aljihuna na hagu.

Hankalina a kwance yake.

Talata, da safe

Kwaɗi biyu, ɗaya a kowace ƙafa. Dokar ba ta sami karɓuwa ba.

Alhamis, bayan Azahar

Na sa babbar rigata ta zuwa taro na tafi sakatariya. Jami'in kasafi Munir ne, wanda ni na koya masa raba dogon lissafi, da hannu da kuma wani abin da ke hannun. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

Na ce, "Munir, na zo a kan magudana."

Ya ce, "Malam, tana nan lafiya lau. Shafi na goma, zango na biyu. Kai ma ka sa hannu."

"Ban zo gaishe ta ba. Na zo a jawo ta bana."

"Sai an yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi, Malam. Majalisar kansiloli kuma ba za ta zauna a kai ba sai bayan kaka."

"Bayan kaka wane ruwa za ta kwashe? Na alwala?"

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye sauran. Na tuna masa akwai asusun ko-ta-kwana, wanda ni da kaina na yi jawabi a kan muhimmancinsa, har na kawo labarin madatsar Ma'arib da ɓera ya yi sanadin rushewarta.

Ya sosa ƙeya ya ce, "Akwai shi, Malam. Amma ƙa'idarsa sai abu ya faru. In gini ya faɗi, mu zo mu ɗauki hoto, a ba mai shi kwanon rufi da buhun siminti. In bai faɗi ba, a wajenmu lafiyarsa ƙalau."

"To in ana so kada ya faɗi fa?"

"Wannan babu layinsa."

Ya rako ni har bakin ƙofa. A nan ya rage murya ya ce, "Malam, ni fa a ganina, in da za a sami mai shagon ƙarshen nan..." Na ce masa rana tana yi, ya koma bakin aikinsa.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Yaya ta aiko da dambu, kamar kowace Juma'a tun ranar da na bar gidan. Da zogale, da man gyaɗa, da ƙuli a gefe. Na yi loma biyu na rufe. Sa'adiyya ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Na ce bincike nake yi.

Na mayar da kwanon da kaina. Sai da na tattare riga na bi ta kan bulullukan da aka jera kafin in kai zaure. Na same ta a ɗakin Inna tana tsince wake. Danshi ya hau bango har kusan ƙugu, ya zana wani abu mai kama da taswirar wata nahiya da ba a gano ba tukuna.

Ta ce, "Auta, ka shigo mini da taɓo."

Shekaruna sun haura sittin, na shugabanci makarantu uku, amma a ɗakin nan Auta nake.

Na gyara murya na gabatar da ƙudurina: ta kwaso kayanta ta dawo gidana zuwa ƙarshen damina. Ɗaki a share, gini na bulo. Na kawo hujjoji daga fiƙihu da kimiyya.

Ta ce, "Awakina fa?"

"A zo da su."

"Rumbuna?"

"A kwashe."

"Ɗakin fa, a kai za ka ɗauko shi ko a baro?" Ta watsa tsakuwa waje. "A nan aka yanke maka cibiya. Ta ƙofar nan aka fitar da Inna. Ni ma ta nan za a fitar da ni, kuma ba da ƙafata ba."

"Yaya, bangon nan ya jiƙu."

"Na gani, ai ba makauniya ba ce ni. Kai dai ka ci dambun?"

Ba ta ambaci shago ba. Tun da aka fara ruwan nan ko sau ɗaya ba ta ambace shi ba. Da ta zage ni da na sami abin cewa, domin na tanadi amsoshi masu kyau ƙwarai, har da misalai daga tarihin Farisa. Haka na dawo da su gida ban taɓa ko ɗaya ba.

Lahadi, da yamma

Gabas ta yi baƙi, ta fasa. Hankalina a kwance yake.

Litinin, da hantsi

Na lura da cewa mutum yana iya duban gabas alhali yana fuskantar yamma. Wuya ne kawai yake biya.

Laraba, bayan La'asar

Mai Unguwa Sabo ya tara dattawa a gindin kanya. Tare muka yi wasan langa da shi, amma yau da muryar sarauta ya zo.

Ya ce, "To jama'a, hukuma ta ce baɗi. Ruwa ya ce bana. Matasa sun ce a kira gayya, a haƙa lambatu a sallami ruwan nan zuwa fadama. Diga akwai, shebur akwai, mata sun ce tuwo a kansu."

Aka ce, "Madalla."

"Sai dai hanyar ɗaya ce, kuma akwai gini a kanta." Ya dubi rassan kanya, kowa ma ya dubi rassan kanya. "Kun san al'adarmu. Gayya ba ta ɗora ƙarfe a kan ginin mutum sai mai shi ya yi saran farko da hannunsa. Ko ginin maƙiyi ne. Ba mu gada ba, ba za mu fara ba."

Na ce a matsayina na shugaban kwamiti, wajibi ne in ja hankali cewa taɓa ginin da ke cikin tsarin hukuma yana iya jawo soke takardar mallaka.

Sabo ya ce, "Haka ne, Hedimasta. Shi ya sa muke roƙonka, tun da kai ka fi mu sanin mai shagon, ko za ka isar masa da gaisuwarmu?"

"Zan duba ko yana gari."

"Yana gari. Ɗazu na gan shi a masallaci, sahun gaba, ya yi sallama ya manta da carbinsa." Ya zaro carbina daga aljihu ya miƙo mini. Wani tsoho ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

An tashi ba a tsayar da rana ba.

Alhamis, da sassafe

Na je na buɗe shagon, don in sha iska kawai.

Kafinta ya gama kantoci, ƙamshin katako bai fita ba. Allon yana jingine a ciki: Kantin Littattafai na Kanyar Mati. Garin nan bai taɓa samun wurin da mutum zai shiga ya sayi littafi ba. Duk tsawon aikina, in ina son littafi sai na hau mota zuwa birni, in dawo da shi a cikin riga saboda ruwa. Na ce tun da birnin ya taso da kansa, bari ya tarar da mu da abin karatu a hannu. Na riga na zaɓi inda kujerata za ta zauna, kusa da taga, inda zan riƙa gyara wa masu wucewa nahawu kyauta.

Na share daɓen, ko da yake a share yake. Ta tagar ana hango katangar Yaya. Kuskuren magini ne. Ban ce a sa taga ta nan ba.

Asabar, bayan Magariba

Na shirya wa Sa'adiyya bayani a kan bambancin haɗarin da ke wuyan hukuma da wanda ke wuyan ɗaiɗaikun mutane. Na nuna mata cewa in talaka ya saba toshe ɓarakar kasafi da dukiyarsa, hukuma ba za ta taɓa koyon tsari ba. Magana ce ta gaskiya, kuma har yanzu ina kanta.

Ta saurara har ƙarshe tana tankaɗe. Sannan ta ce, "Malam, na ji shugaban kwamiti. Mai shago ma kullum ina jin sa, har cikin barci yana juyi. Ƙanen Yaya ne ban ji ya ce komai ba. Ko ya yi tafiya ne?"

Na ce tuwon ya yi tauri. Ba a ma tuƙa shi ba.

Lahadi

Marka tun safe. Ban fita ba. Ban karanta komai ba. Kwaɗi sun daina ɓuya, ɗaya yana kan tabarmata yana dubana kamar mai jiran amsar takarda.

Talata, da hantsi

Katangar garken awakin Yaya ta zauna jiya da yamma. Ba ta faɗi da ƙara ba, zama ta yi kamar tsohuwar da ta gaji. Akuya ɗaya ta karye a ƙafa. Bangon ɗakin Inna kuma ya tsage daga indararo zuwa ƙasa, tsagar da hannuna yake shiga. Na gwada. Ban san dalilin da ya sa na gwada ba.

Munir ya zo da wayarsa yana ɗaukar hoto, yana ta ba da haƙuri.

Yaya ta ce, "Ɗan nan, me za a yi da hoton?"

"Za a sa ki a layin masu samun tallafi. Katanga dai rabin kaso ce. Cikakken kaso sai in ɗakin kwana ne ya faɗi."

"To, in ya faɗi ina ciki, wa za a ba kwanon?"

Munir ya dube ni. Ita ma ta bi idonsa ta dube ni, ta ce, "A ba Auta. Ya iya ajiya."

Ta koma ta ci gaba da ɗaure wa akuyar ƙafa da kara da tsumma. Da zan tafi ta ce in kula da bulo na uku, yana rawa.

Hankalina

Laraba, da safe

Jiya tawada ce ta ƙare.

Alhamis, bayan Isha'i

Zan rubuta abin da ya faru a taƙaice, domin hannuwana sun yi kanta, alƙalami yana yi mini nauyi.

Bayan Azahar iska ta tsaya cak. Gabas ta haɗo irin haɗin da ba ya fasawa, baƙi har ƙasa, kaji suka shige akurki da rana tsaka. Na fito tsakar gida don nazarin yanayi. Ina cikin nazari sai na ga ƙafafuna sun kai ni ƙofar gidan Sabo, bakina kuma yana tambaya ko akwai diga ta aro. Ban ba su wannan umarni ba.

Sabo ya shiga ya fito da diga, ya aika a buga ganga.

Kafin in isa layin shaguna gari ya taru. Na buɗe shagon, aka fitar da kantoci da allo. Na tsaya a gaban bangon baya. Na yi niyyar gabatar da ɗan jawabi, na ma fara: "Ya ku jama'a, tarihi ya nuna cewa al'ummomi..."

Daga bayana aka ce, "Auta, hadari ba ya jin Turanci. In za ka sara ka sara."

Yaya ce, ta yafa buhu a ka. Da Hausa nake jawabin, amma ban tsaya gyara ba.

Saran farko digar ta dawo ta kusa cire mini hula. Sabo ya ce, "Hedimasta, bango ake sara, ba iska ba!" Na biyu ya kankare fenti. A na uku bulo ya fashe, haske ya shigo ta ramin, na hango fadama kore shar a ƙasa. Sai Sabo ya karɓi digar daga hannuna ya ce, "Ya isa. Mai shi ya sara. Bismillah, jama'a!"

Abin da ya biyo baya ban taɓa karanta irinsa ba. Ganga tana tashi, shebur yana tashi, aka fasa bangon baya da na gaba, aka tsaga daɓen da na share, aka ja lambatu tun daga gindin katangar Yaya. Ruwan sama ya sauko ana tsakiyar aiki, ba wanda ya ɗaga kai. Da aka cire ƙasar ƙarshe, ruwan da ya yi makonni yana kwance ya miƙe, ya shiga ta ƙofar kantina, ya bi ta inda kujerata za ta zauna, ya fice ta baya ko sallama babu.

Na tsaya ina kallo. Fuskata ta jiƙe, amma ta kowa ma ta jiƙe.

Yaya ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta daɗe tana duban allon da aka jingine a jikin shagon maƙwabci, ruwa yana wanke shi. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san abin da ke jiki.

Ta ce, "Da ka bari na koma gidanka."

Na ce, "Da kin zo?"

"A'a." Ta cire buhun kanta ta ɗora a nawa. "Wuce ka ci tuwo, kana rawar sanyi kamar ɗan tsako."

Asabar, da hantsi

Ɗakin Inna yana tsaye. An tokare bangon da azara, an ce in rana ta samu za a cike tsagar a yi yaɓe. Akuyar tana taka ƙafa uku da rabi.

Munir ya zo da labari iri biyu. Na farko, ba za a soke takardata ba, domin rufin shagon yana nan, kuma a ƙa'ida duk abin da ke da rufi shago ne, saboda haka zan ci gaba da biyan harajinsa. Na biyu, tun da jama'a sun yi wa ruwa hanya da kansu, ana tunanin cire magudana daga kasafin baɗi, a kira abin rarar kuɗi. Na ce masa ya tanadi kujera da ruwan sha a zaman majalisa mai zuwa, domin jawabin da aka katse mini ranar Alhamis yana nan, kuma ya ƙaru.

Ni ne dai mutum na farko a tarihin ƙasar nan da ya mallaki kwalbati mai taga. Kantocin suna zauren Yaya. Ita ta ce a kai su can, wai zauren ya yi mata faɗi, kuma in mutum yana son ya zauna yana gyara wa mutane magana, gara ya yi a inda za a iya korarsa ya je ya ci abinci. Ban ba da amsa ba tukuna. Na dai auna bangon.

Da safen nan na zazzage takalmina, babu kowa a ciki. An ce duk sun koma shagon ƙarshe. Ban karɓi ko sisin haya ba.

Saura hukunci ɗaya. Kwamiti ya zauna, ni kaɗai, ya binciki abin da ya gudana a wurin gayya, ya kuma tabbatar da cewa wani mutum ya yi sara uku kacal, biyu daga ciki ba su sami komai ba, amma da aka sauke tuwo ya ci malmala biyu, rabon cikakken ma'aikaci, har ya nemi ƙarin miya. Saboda haka ni, Malam Tasi'u, na ci Malam Tasi'u tarar goro biyu, farare, marasa tsutsa, a miƙa su hannun Yaya Safara'u kafin dambun Juma'a ya iso. Babu ɗaukaka ƙara.